Jirgin da bai kai minti biyu a sama ba

Tsakanin Westray da Papa Westray, tsibirai biyu a Orkney da ke arewacin Sikotilan, tazarar kilomita 2.7 ce kacal. Na shiga jirgin saman kamfanin Loganair, ɗan ƙarami mai ɗaukar fasinja takwas, na zauna bayan matuƙi ina kallon hannunsa. Ban gama addu'ar tafiya ba sai ga mu muna sauka. Minti ɗaya da rabi, in iska ta yi kyau ma ba ya kai haka.

Abin da ya fi burge ni, tun 1967 kamfanin nan yake yi wa mutanen tsibiran hidima, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya duk shi suke bi. Mai son hawa ya sayi tikiti da wuri.