Aikin ɗaga nono a Santambul: yadda na gan shi bayan wata bakwai

Yara huɗu na shayar, kowanne sai da ya kusa shekara biyu, auta ma sai da aka kai ta wajen Hajiyarmu kafin ta haƙura. Bayan yaye abu ya zube, babu rigar maman da ke riƙewa, in zafi ya shigo kuma ƙarƙashinsu ya yi ta gumi da ƙuraje. Kunun alkama da hulba na sha har na gaji, mayukan masu kayan mata kuwa kuɗina kawai suka ci. Da ma ina zuwa Laleli, unguwar 'yan sari a Santambul, sarin abaya, sai na haɗa tafiyar da ganin likita a wani asibitin kuɗi, da yardar Abban yara.

Takardar farko ce ta fara ba ni mamaki. Tafinta na karanto tambayoyi ta ce, “Hajiya, akwai huji a kan nono?” Na ce huji kuma, a ina? Ta yi dariya, ta ce Turawa da yawa da 'yan zobba suke zuwa. Ashe wadda ke zaune gefena, wata Baturiyar Ingila, irin su ce. Tun kafin ta taso aka sa ta cire nata. Likitan ya yi min bayani ba tare da ƙosawa ba: ba a shiga da ƙarfe saboda na'urar lantarkin da ake tsayar da jini da ita, kuma ramin hujin kan ɓoye ƙwayoyin cuta, ga shi kan nonon ne ake matsarwa sama, rayuwarsa ta dogara da jinin da ke isa gare shi. Shi ya sa mai taba ko shisha sai ta daina makonni kafin aiki. Mai son sake huji kuma sai ta jira watanni, wuri ya warke sarai.

Nawa hujin na kunne da hanci ne, amma su ma sai da ya duba, ya duba ɗinkin haihuwar auta. Yana neman alamar tabon nan mai tasowa, kiloid, wanda ya fi kama baƙar fata. Ya ce min gaskiya: nono ba zai ƙara girma ba, ɗagawa kawai za a yi, tabo kuma ba ya ɓacewa, dusashewa yake a cikin shekara ko fiye. Da alƙalami ya zana min inda wuƙa za ta bi: zagayen baƙin kan nono, layi zuwa ƙasa, sannan kwance a lanƙwasar ƙarƙashi. Wannan gaskiyar ce ta sa na sa hannu.

Aikin ya ci kusan awa uku da allurar barci, na kwana ɗaya. Ciwon bai kai na tiyatar haihuwa ba. Kwanciyar rigingine ce ta wahalar da ni, ni da na saba da kifa ciki. Mako shida ina cikin rigar matsi mai maɓalli a gaba, ko tukunya ba na ɗagawa. Kayan da na saro ƙanwata ce ta yi ta fama da su a filin jirgi.

Inda suka gaza shi ne bayan na dawo Kano. A mako na uku mahaɗar ɗinkin ƙasa, a na hagu, ta ɗan buɗe tana tsatsafo ruwa. Na tura hoto ta WhatsApp, sai bayan kwana biyu wata ta amsa da “ba komai”. Waɗanda kafin in biya ko tsakar dare suke amsawa! Wata likita a nan ce ta riƙa wanke min har ya rufe. Riga ta biyu da filastar silikon ta tabo ma ba sa cikin kuɗin da aka yanka min, sai a ranar sallama na ji.

Yanzu sun zauna daidai, ƙurajen sun tafi, ɗinkin atamfata ya koma yadda tela ya nufa. Kan na dama ya dawo da ji, na hagu har yau kamar an shafa masa ƙanƙara. Tabon tsakiya ya fi fatata duhu, bai dai taso ba. Hannun likitan zan ba shi tara cikin goma; masu amsa wayarsu, uku ma na yi musu kara.