Gargaɗi kan masu tallar man makero na kwana uku

Ana jan hankalin jama'a, musamman iyaye mata, game da wasu masu talla da ke yawo a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, wasunsu kuma a WhatsApp, suna sayar da wani farin mai cikin ƙananan robobi marasa suna, marasa lambar NAFDAC, suna rantsuwa cewa yana kashe makero da ƙyasbi da ƙora cikin kwana uku. Wannan alkawarin shi kaɗai ya isa ya tona asirinsu.

Waɗannan cututtuka ƙwayoyin fangas ne ke kawo su, dangin fumfuna, kuma maganinsu na gaskiya ba ya gaggawa. Mayukan shafawa irin su clotrimazole da miconazole da terbinafine suna hana ƙwayar haɗa wani sinadari mai suna ergosterol, wanda da shi take gina tantanin da ya lulluɓe jikinta, sai tantanin ya raunana har ta mutu, shi ya sa makero na jiki ke bukatar shafawa ta mako 2 zuwa 4. Ƙora kuwa man shafawa ba ya isa gindin gashi inda take ɓuya, sai an sha ƙwayar magani irin griseofulvin na makonni 6 zuwa 8 bisa umarnin likita.

Dabarar masu irin wannan haɗi ita ce zuba maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, kamar clobetasol ko betamethasone. Shi ne ke kwantar da ƙaiƙayi da jan fata nan take, mai saye ya ɗauka ya warke, alhali garkuwar fatar aka danne, ƙwayar na ta yaɗuwa a ƙasa. Da an daina shafawa sai zoben ya dawo da faɗi, gefensa ya ɓace ta yadda ko ma'aikacin lafiya zai sha wuyar gane shi, fatar ta yi sirara, nankarwa ta fito. Mai tallar kuwa sai ya ce roba ɗaya ce ba ta isa ba, a ƙara biyu. A Indiya an alaƙanta yawan shafa mayukan da aka gauraya da sitiroyid da bazuwar wani nau'in makero da ba ya jin terbinafine.

Wanda ya riga ya saya ya kai robar asibiti ko wurin ƙwararren mai harhaɗa magunguna a duba fatar, kada ya shafa wa jariri ko a fuska, sannan ya sanar da ofishin NAFDAC mafi kusa inda ya saye ta.