M-Pesa da manhajar ɗaukar fasinja: wanne ya fi amfanar talakan birni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fasahar zamani tana rage ratar da ke tsakanin mai hali da talaka a birane, ko kuwa ƙara ta take yi, musamman ga direbobi, 'yan dako, masu talla da masu aikin gida. Amsar ta danganta da wace fasaha ake nufi, don haka zan jera maka guda biyu waɗanda suka shiga birni ɗaya, wato Nairobi, kuma sau da yawa suke zaune cikin wayar mutum ɗaya.

Ta farko ita ce M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da kamfanin Safaricom ya fara a Kenya a 2007. Ba ta buƙatar babbar waya ko intanet, kuma ba sai mutum yana da asusun banki ba, wakilin da ke bakin titi ya ishe shi. Ma'aikacin da a da sai ya damƙa wa direban mota kuɗi ya kai wa iyalinsa ƙauye, yana addu'a su isa, yanzu cikin minti ɗaya yake aikawa, mai aikin gida kuma ta sami wurin ajiya da hannun wani ba ya kaiwa. Binciken da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga matsanancin talauci, ko da yake wasu masana sun yi jayayya da wannan adadi. Abin lura shi ne M-Pesa ba ta gaya wa mai talla nawa zai sayar da kayansa, ko ƙarfe nawa zai fito. Kamashonta kawai take cira, sana'ar tana nan a hannun mai ita.

Ta biyu ita ce manhajar ɗaukar fasinja. Uber ya shiga Nairobi a 2015, kuma da farko direbobi sun sami alheri har da yawa suka ci bashi suka sayi mota. A 2016 kamfanin ya rage kuɗin tafiya da kashi 35 cikin ɗari, alhali bashin mota, kuɗin mai da gyara suna nan a wuyan direba yadda suke. A nan bambancin yake. Manhajar ce ke yanka farashi, ita ke zaɓar wanda za a ba fasinja, ita ke tara makin da fasinjoji ke bayarwa, kuma tana iya rufe asusun direba ba tare da ya ga fuskar wanda zai kai wa kuka ba. A takarda ana kiransa mai zaman kansa, saboda haka ba shi da mafi ƙarancin albashi, hutu ko fansho, amma a aikace yana da ubangida wanda ba ya barci. Sai a 2022 gwamnatin Kenya ta ƙayyade kamashon irin waɗannan kamfanoni a kashi 18, bayan Uber ya daɗe yana karɓar 25.

Kada a ɗauka M-Pesa ba ta da nata aibin. Tarihin kuɗin da ke shiga da fita a waya ya zama ma'aunin ba da rance, aka kawo hanyoyin rance ta M-Pesa, wato M-Shwari a 2012 da Fuliza a 2019, ga kuma tarin manhajojin bashi masu tsadar ruwa. Wanda ke cin yau daga abin da ya samo yau shi ne ya fi komawa ga irin wannan rance, kuma mutane da dama sun shiga jerin masu taurin bashi a kan kuɗi ƙalilan, har Babban Bankin Kenya ya tsoma baki a 2020.

Ɗaya ɓangaren tambayarka, wato yadda rashin daidaito shi ma yake sarrafa fasahar, ya fi fitowa fili a bakin ƙofar shiga. Rajistar M-Pesa na buƙatar katin shaida, kuma al'ummar Nubi ta unguwar Kibera ta shafe shekaru tana fama da tantancewa ta musamman kafin a ba 'ya'yanta katin. Manhajar fasinja ƙofarta ta fi ƙunci: babbar waya, lasisi, inshora da mota mai kyau. Wanda ba shi da mota sai ya yi haya daga mai ita, ya biya balas kafin ya ga nasa, wato tsohon tsarin mai mota da yaron mota ya dawo ta cikin waya. Kuma kamfani yana iya karya farashi ne saboda ya san akwai dubban matasa marasa aiki da ke jiran gurbin duk wanda ya yi fushi ya ajiye.

A ganina ta farko, wato M-Pesa, ta fi amfanar talaka, domin kayan aiki ce a hannunsa, ta biyu kuwa sai doka ta tsaya mata a kai. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu. A Kaliforniya akasin haka aka yi, kamfanonin suka kashe fiye da dala miliyan 200 a 2020 don ƙuri'ar da ta bar direbobi a matsayin masu zaman kansu. Sifaniya ta ƙara mataki a 2021, ta wajabta wa kamfanoni su bayyana wa wakilan ma'aikata ƙa'idojin da kwamfuta ke bi wajen rabon aiki, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin kai abinci na Deliveroo ya tattara kayansa ya bar ƙasar.