Wane babur za ka ɗauka haya a tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya?

Duk shagon haya da ka shiga a garuruwan Canggu, Ubud ko Kuta, babura uku ne za su fi tare maka ido: Honda Scoopy, Honda Vario da Yamaha NMAX. Dukkansu irin waɗanda muke kira roba-roba ne, babu kuloci babu sauya giya, ka murɗa kawai ka tafi.

Ni dai Vario 125 nake ba kowa shawara. Nauyinsa bai wuce kilo 112 ba, don haka ko mace za ta iya juya shi a lungunan Canggu da ke ratsa gonakin shinkafa. Tayoyinsa masu inci 14 suna shanye ramuka, kuma injinsa na da ƙarfin da zai ɗauke ka da goyo har Kintamani, inda hanya ke hawa dutse ba sassauci. Wajen ajiye ƙafa a shimfiɗe yake, za ka iya ɗora jaka a nan, ƙarƙashin kujera kuma akwai wurin zuba kaya. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne 'yan gari ma shi suke hawa, kowane bakanike a ƙauye ya san cikinsa.

Scoopy ado ne kawai, injin 110 da ƙananan tayoyi, da goyo a hawa sai nishi. NMAX kuwa ya yi wa sabon hannu nauyi, kuɗinsa ma ya fi yawa.

Amma wallahi zaɓen mai haya ya fi zaɓen babur muhimmanci. Wani ya taɓa tsare ni a kan ƙarcen da ke jikin babur tun kafin in hau, ya ce sai na biya kuɗin fenti. Saboda haka kafin ka karɓi makulli, ɗauki bidiyon babur ɗin gaba da baya a gaban mai shi, har ƙasan roba da madubai da salansa, ka tura masa ta WhatsApp nan take. Gwada birkin gaba da na baya. Duba ko taya ta suɗe. Kada ka yarda ka bar fasfo ɗinka a matsayin jingina, kwafinsa ya isa. Wanda ya dage sai na ainihi, nemi wani shagon. Ka tabbatar takardar babur da suke kira STNK tana ciki kuma lambarta ta dace da wadda ke jikinsa, domin ita 'yan sanda ke tambaya. Idan an ce akwai inshora, a nuna maka a rubuce, da adadin da za ka biya in an sace ko an yi karo. Hular kwano ma a duba, wasu sukan ba da wadda maɗaurinta ya tsinke.

Mai haya ba zai damu da lasisinka ba, amma doka ta damu. Kana buƙatar lasisin ƙasa da ƙasa mai izinin babur, kuma inshorar tafiya kan ƙi biyan kuɗin asibiti idan babu shi. Sannan a Indonesiya hannun hagu ake bi, saɓanin Najeriya da Nijar, kuma a mahaɗar hanya ne hannu ke komawa ga abin da ya saba. Wanda bai taɓa tuƙa babur ba kada ya koya a nan, ya kira ɗan acaɓa ta manhajar Gojek ko Grab.