Tsohuwar Land Cruiser FJ40 da aka mayar motar tsere a kwalta: ra'ayina bayan na tuƙa ta

Motar Toyota Land Cruiser FJ40 ce ƙirar 1974, amma in ka cire bodi da sunan TOYOTA da ke gabanta, kusan babu abin da ya rage na Japan a jikinta. Mai ita maƙwabcina ne a nan Houston, tsohon bakanike da ya yi ritaya, kuma wani ƙaramin gareji ne ya yi masa aikin. Irin wannan gyara Amurkawa ke kira hot rod. Al'adar ta samo asali ne a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930, lokacin da samari ke sayen tsofaffin Ford, su rage musu nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su je busassun tafkuna irin su El Mirage su yi tsere. Sabon abu kawai shi ne a yi wa motar daji haka.

Duk wanda ya taso a wajenmu ya san Land Cruiser ba motar gayu ba ce. Motar yashi ce da laka da hanyar ƙauye a tsakiyar damina. Toyota ta ƙera FJ40 daga 1960 zuwa 1984, kuma ta 1974 tana zuwa ne da inji mai silinda shida, lita 3.9, wanda ƙarfinsa bai wuce doki 125 ba ko kusa da haka. Ba ta gudu, amma ba ta tsayawa. To a wannan an tumɓuke wancan injin, an dasa LS3 na Chevrolet, silinda takwas, lita 6.2, mai ƙarfin doki 430. Mai motar yana yawan cewa ba baƙo ya kawo mata ba, domin asalin injin Toyota ɗin ma daga tsarin tsohon injin Chevrolet aka kwaikwayo shi. Wannan gaskiya ne, sai dai bai sa na daina yi masa tsiya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasan motar. An cire aksil ɗin gaba da giyar da ke sa taya huɗu su ja, yanzu tayoyin baya kaɗai ke aiki, a kan aksil na Ford mai inci tara wanda masu tsere suka amince da shi. An zubar da sifirin ɗin falle-falle, an sa mai murɗiya, an sauke motar ƙasa sosai. Na durƙusa na leƙa, tsakanin salansa da kwalta bai kai tsawon tafin hannuna ba. Motar da aka yi don ta tsallake rafi, yau sai an karkace ta a hankali kafin ta hau tudun shiga gidan mai, mai ita yana cije leɓe.

Amma fa a ba kowa haƙƙinsa, aikin ya yi kyau. Fenti ja ne mai duhu, rufin kuma an bar shi fari kamar yadda kamfani ke yi, haka ma farin zoben da ya kewaye fitilun gaba. Walda a shasi tsaf take, babu dunƙule-dunƙule. Wayoyin wuta an ɗaure su an ɓoye, in ka ɗaga bonet sai ka ga inji shi kaɗai yana sheƙi. Cikinta ma ba su cika mata tarkace ba: dashbod ɗin ƙarfe yana nan, sai agogunan da aka canja da kujerun fata. An bar ƙananan kujerun baya masu fuskantar juna, ko da yake babba ba zai daɗe a kansu ba.

Da na murɗa makulli, ƙarar ta sa ƙofofin ƙarfen suka hau rawa. Giyar otomatik ce, saboda haka babu wahalar kiloci. A miƙaƙƙen titi, in ka taka totur, bayanka zai manne da kujera kafin ka gama bismilla. Birki na faifai ne a duk tayoyin, kuma yana kamawa yadda ya kamata, saɓanin na asali wanda sai ka taka ka ƙara da addu'a. Sitiyari ya yi laushi.

Matsalar tana wajen kwana. Tsakanin tayar gaba da ta baya a FJ40 mita 2.3 ne kacal, gajeriya ce ƙwarai, ga shi ba ta da nauyi a baya. Doki 430 a kan irin wannan jiki kamar a ɗaura wa jaki injin jirgi ne. Na fito daga wani shataletale na ɗan ƙara wuta, nan take bayanta ya zame gefe, kuma busasshiyar kwalta ce. Babu wata na'urar da za ta gyara maka kuskure kamar a motocin zamani, babu jakar iska. Gilashin gaba a miƙe yake kamar bango, don haka da zarar ka hau babbar hanya iska ke dukan sa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Zafin inji kuma yana ratsowa ta ƙasa, a bazarar Texas ƙafarka ta dama za ta gaya maka. Mai kuwa, shan sa take yi ba ƙaƙƙautawa.

Akwai masu irin wannan sana'a da suka bi wata hanya. Kamfanin ICON na Jonathan Ward a Los Angeles yana sa wa FJ40 injin V8 na zamani, wato mai silinda takwas, amma yana barin ta da tsayinta da jan taya huɗu, sai dai kuɗin ya haura dala 100,000 nesa ba kusa ba. Ni dai da aljihuna zai iya, can zan nufa.

Wanda ke da wata motar zuwa aiki, yana son abin da zai fita da shi ranar Lahadi mutane su riƙa ɗaukar hoto, wannan za ta biya masa buƙata. Shawarata ga mai shirin yin irin ta: ya nemo wadda tsatsa ta riga ta cinye ƙasanta, ya bar lafiyayyu, domin kullum raguwa suke yi. Ya kuma rage ƙarfin injin, ƙaramin V8 mai lita 5.3 ya ishe ta har ya yi yawa.