Digirin kwamfuta ko koyon rubuta manhaja ta intanet

Matashin Gusau da ke son rubuta manhaja ta zama sana'arsa yana iya shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ya shafe shekara 4 yana karatun kimiyyar kwamfuta, ya fito da takardar shaidar da ma'aikatun gwamnati ke nema. Wanda ya zaɓi koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, ta intanet kuwa, yana iya fara karɓar ƙananan ayyuka da wuri, sai dai kuɗin data da ɗaukewar wuta za su yi ta ci masa tuwo a ƙwarya, kuma babu malamin da zai gyara masa kuskure. A ganina, ko ɗalibin jami'ar ma darasin aji bai ishe shi ba, domin kamfanoni da dama sukan fara duba ayyukan da mutum ya ajiye a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu.