Sharhi kan libpmem: kwafin da ba ya maƙalewa a kash

Na jima ina aiki da libpmem, ɗaya daga cikin laburarorin PMDK (tarin kayan aikin masu rubuta manhaja don ma'adana marar mantuwa), a kan saba (babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima) mai Optane na Intel, wato ma'adanar nan da ake cusawa a ramin RAM irin na DDR4 amma ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Yabon da zan yi masa guda ne, kuma ba ƙarami ba: ya sauke mini ɗawainiyar kash ɗin furosesa, wato 'yar ma'adanar wucin gadi mai sauri da ke cikin furosesa.

Wanda bai taɓa harkar ba zai ɗauka memcpy, umarnin kwafar bayanai da aka saba da shi, ya wadatar. Ina! In ka buɗe fayil ta hanyar DAX (hanyar isa ma'adanar kai tsaye) a kan tsarin fayil na ext4 ko XFS ka kwafa bayanai, memcpy zai dawo lafiya lau, alhali bayanan na nan zaune a kash, layi-layi na bayit 64, ba su sauka a Optane ba. Kamar mai rubuta wasiƙa ne ya zura a aljihu yana ganin ya aika. Tsarin ADR, mai ƙarasa rubutu in wuta ta ɗauke, ba ya ceton komai sai abin da ya riga ya isa layin jiran rubutu a wurin mai sarrafa ma'adana. Na cikin kash kuwa, tare da wutar yake tafiya.

A nan pmem_memcpy_persist, umarnin kwafi na libpmem, ya burge ni. Tun da farko laburaren yana duba irin furosesan da ke gabansa, don zaɓen umarnin wanke kash, wato tura abin da ke ciki zuwa ma'adana: in akwai CLWB ya ɗauka, in babu ya koma CLFLUSHOPT, in shi ma babu sai tsohon CLFLUSH mai jan ƙafa. Kwafi ya kai bayit 256, sai ya daina bi ta kash gaba ɗaya, ya yi amfani da umarnin MOVNT, sannan ya rufe da SFENCE, shingen da ke jira sai rubutun ya kammala. Ban rubuta ko layi ɗaya na wannan ba.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne wajen rubuta kundin ayyuka. Da ina kiran pmem_memcpy_persist a kan kowane ɗan rubutu, kowanne da nasa shingen jira. Da na koma pmem_memcpy_nodrain, mai kwafi ba tare da jiran ba, na jera rubuce-rubucen, na kira pmem_drain, mai yin jiran, sau ɗaya a ƙarshe, sai aikin ya saki. Haka ma da na daidaita girman kowane rubutu da bayit 256, domin a irin wannan ƙulli Optane ke rubutu a cikinsa. Ƙananan rubutu warwatse suna sa shi ya karanta, ya gyara, ya sake rubutawa.

Sai dai kada ka ɗora wa libpmem abin da bai ɗauka ba. Bayit 8 kawai furosesa ke tabbatar maka sun sauka a dunƙule. Tsara wa zai riga wa sauka, bayanai tukuna sannan manunin da ke nuna su, wannan naka ne, ko ka koma libpmemobj, wani laburaren PMDK mai ɗaukar wannan nauyi. Kuma in pmem_is_pmem, mai duba ko fayil ɗin a kan ma'adana marar mantuwa yake, ya ce a'a, msync (umarnin da ke sa tsarin kwamfuta ya sauke bayanan a fayil) ne mafita, ba wankin kash ba.

Abin takaicin ba a laburaren yake ba. Optane ɗin ya fito kasuwa a 2019, a Yulin 2022 Intel ta sanar da naɗe kasuwancinsa. Mai irin wannan saba a hannu, ya yi amfani da libpmem ba tare da shakka ba. Mai shirin sabon aiki kuwa, ya fara tambayar inda zai samo ma'adanar.